Gefen Hagun Hoton Jamilatu

Duk ranar Asabar bayan la'asar sukan haɗu a falon Malam Caleb da ke Arkilla, kowa da hotunan da ya ɗauka a cikin mako. Babu mai cin abinci da kyamara a cikinsu. Caleb malamin lissafi ne a wata sakandare, mutumin Kagoro da ya daɗe a Sakkwato har 'ya'yansa suna Hausa irin ta 'yan gari. Saifullah ma'aikacin gwamnati ne, ɗan gidan malamai, mai yawan karance-karance a kan harkar hoto. Jamilatu ce sabuwa. A ma'aikatar ruwa take aiki, kuma ba ta daɗe da sayen wata kyamara ta hannu ba. Akwai wasu da kan zo yau su ɓace gobe. Wanda ba ya fashi shi ne Malam Tambari, tsohon safiyo mai auna filaye da ya yi ritaya, wanda shi ya tara su tun farko.

Yadda suke yi, a haɗa kwamfutar mai hoto da talabijin ɗin Caleb, hoto ya fito, mai shi ya yi shiru har kowa ya faɗi abin da ya gani. Malam Tambari ne ke magana a ƙarshe. Ba ya fara duban tsakiyar hoto. Gefe-gefe yake bi da ido kamar mai neman iyakar fili, idan ya ga wayar lantarki ta ratsa kan mutum, ko ledar ruwa ta faɗo a kusurwa, sai ya nuna da yatsa ya ce, "Wanga fa, mi yaka yi nan?" Sannan ya juya ga mai hoton ya tambaye shi, "Mi kaka son in gani?" Ya taɓa sa Saifullah ya yi ta komawa Ƙofar Dundaye saboda wani tsohon bango, har sai da ya same shi da hasken da ya dace. Suna jin zafin maganarsa, amma sun san a hannunsa suka koyi ɗan abin da suka iya.

A bazarar da abin ya faru, Malam Tambari ya kawo hoton wani masunci a gulbin Rima. Mutumin yana tsaye cikin kwale-kwale, ya jefa raga ta buɗe a sama, rana na bayanta. Sai dai masuncin da ragarsa sun takure can a dama, a gefen hagu kuwa ga rabin wani babur da aka jingine a gaɓa, ga wani shuɗin bokiti a kife. Saifullah ne ya fara magana. Ya ce Malam ya shigo da sabon salo, ya bar gefe yadda ya same shi don hoton ya yi kama da rayuwa. Sauran suka gyaɗa kai. Caleb ya ce hasken da ya bi ta cikin ragar ya yi kyau, bai ƙara komai ba.

"Ruwa nib bari nan," in ji Malam Tambari, "don ragar ta samu inda za ta faɗa."

Caleb ya ji maganar wani iri, amma ya ɗauka ɗan ruwan da ke tsakanin babur ɗin da kwale-kwale yake nufi. Hotunan da dattijon ya kawo bayan wannan ma haka suke: daman tsaf, hagun da tarkace. Ba wanda ya tanka.

Wata Asabar Jamilatu ta zo da hoton da ta fi alfahari da shi. A shagon wani tela mai suna Mu'az ta ɗauke shi, a wani lungu na Ƙofar Dundaye. Mu'az yana dama, ya duƙufa a kan keken ɗinki, hasken ƙofa ya sauka a hannuwansa. A hagu, inda hasken ya ragu, mahaifinsa ne zaune a tabarma, tsoho tukuf, wanda shi ne mai shagon a da. Babu ƙyalle a gabansa, amma ya miƙa hannuwansa biyu a kan gwiwa yana tura iska, daidai yadda ɗan ke tura ƙyalle ƙarƙashin allura.

Ranar Malam Tambari yana da gaisuwar mutuwa da zai je, sai ya ce a bar shi ya fara magana ya wuce. Ya gyara gilashinsa ya dubi talabijin.

"Telan ya yi," ya ce. "Hannu da ƙyalle da hasken ƙofa, dut sun yi. Amma kin ba shi rabin hoto, kin bar rabi ba komi ciki. Gefen ga na hagu duhu na kawai. Yanke shi, ɗiyata, ki matso muna da mutumin kusa."

Jamilatu ta buɗe baki, sai ta tuna mai hoto ba ya magana. Ta dubi Caleb, ta dubi Saifullah.

"To, Baba," ta ce.

Dattijon ya yi sallama ya fita. Bayan tafiyarsa Saifullah ya yi musu bayani: abin da Malam ke nufi shi ne mutum biyu suna raba hankalin mai kallo, gara a tsaya a kan guda. Caleb ya ce shi dai tsohon ne ya ja hankalinsa, amma a hankali ya faɗa, kuma da ba wanda ya goya masa baya sai ya bar maganar. Jamilatu ta rufe kwamfutarta.

Da baƙi suka watse, Dorcas matar Caleb tana kwashe kofuna ta ce, "Baba Tambari lafiyarsa ƙalau kuwa? Ya bugi ƙofa da kafaɗa da zai fita. Wancan satin ma haka. Kuma zoɓon da na ajiye masa bai taɓa ba, alhali ya ce yana jin ƙishi."

"A ina kika ajiye masa?"

Ta nuna ɗan teburin da ke hagu da kujerar da dattijon ke zama.

Ranar Litinin da Caleb ya tashi daga makaranta ya wuce Ƙofar Taramniya, unguwar dattijon. Tsohuwar motar Malam Tambari tana ƙofar gida. An ɗaure madubin hagu da roba, kuma wani dogon karce ya bi jikin motar daga ƙofar direba har baya. Caleb ya daɗe tsaye yana kallo kafin ya yi sallama.

A zaure suka zauna. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi, Caleb ya fito da wayarsa ya nemo hoton masuncin, wanda dattijon ya taɓa tura musu.

"Malam, na zo ne a kan wannan hoto. Ranar ban faɗi duk abin da na gani ba."

Malam Tambari ya yi ɗan murmushi. "Sai yau kas samu baki? To hwaɗi."

"Ku dubi masuncin. Me ke hagu da shi?"

"Ruwa."

Caleb ya riƙe wayar ya ja ta a hankali zuwa dama, ya ce masa kada ya motsa ido. Ya ga lokacin da fuskar dattijon ta canja. Malam Tambari ya karɓi wayar ya kai ta kusa da fuska, ya nesanta ta, ya sake kawowa.

"Wa ya sa babur ɗin ga nan?"

"Yana nan tun ranar da kuka ɗauka. Da shi muka gani a talabijin."

Wani mai kura ya wuce ta ƙofar gida yana tallar ruwa.

"Akwai kuma tsoho a hoton Jamilatu," in ji Caleb. "Mahaifin telan. A hagu yake zaune. Shi ne labarin hoton gaba ɗaya."

Malam Tambari ya miƙa masa wayarsa. "Tsufa na. Gilashin ga ya daɗe, canza shi za ni yi."

"Na ga motar, Malam."

"Wani mai babur na ya goge ni."

"Kun gan shi kafin ya goge ku?"

Shekarunsu tare Caleb bai taɓa musa wa mutumin nan ko a kan hoto ba.

"Ku je asibiti cikin satin nan," ya ce. "Kuma ku ajiye tuƙi. Idan ba ku je ba, zan sami babban ɗanku in gaya masa abin da na gani."

"Malam Caleb, cikin zaurena kaka gaya mani haka?"

"E, Malam."

Malam Tambari ya tashi ya karkaɗe rigarsa. "Magariba ta gabato. Ka gaida iyali."

Caleb ya koma gida. Kwana biyu yana juya lambar ɗan a waya, ya kasa kira, ya kuma kasa haƙura. Yana cikin haka, wata safiya yana shirin fita aiki, sai ga kiran dattijon. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Jiya na kusa take wata mata mai tallar nono. Ban gan ta ba sai da ƙwaryar ta fashe. Allah ya tsare, ita ba ta ji ciwo ba. In kana da hali, zo ka kai ni. Ban son 'yan gida su sani sai na ji abin da likita za shi ce."

Caleb ya kira shugaban makarantarsu ya nemi izini.

Sun wuni a asibiti. Likitan ido ya sa dattijon ya kafa ido a wuri guda, ana kunna masa ƙananan fitilu ta ko'ina yana faɗin wadda ya gani. Daga nan aka tura su hoton kai. Da sakamako ya fito, likitan ya zaunar da su ya ce idanun lafiyarsu lau. Wata 'yar jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, saboda hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba, ta tafi da rabin ganinsa na hagu a idanun biyu. Ya ce masu irin wannan sau da yawa ba sa sani, domin ba duhu suke gani ba, wurin ne kawai ba ya nan. Da wuya abin da ya tafi ya dawo. Amma sun yi sa'a da suka zo, don ƙaramin yakan zama gargaɗin babba. Ya rubuta magunguna, ya hana tuƙi, ya ce ya koyi juya kai duk inda zai duba.

A hanyar komawa Malam Tambari yana riƙe da ledar magani a cinya, yana kallon titi.

"Tsawon aikina filayen mutane nika aunawa," ya ce. "Ban taɓa tsammanin zan tsaya gaban abu in kasa sanin inda ya ƙare ba." Ya gyara ledar a cinyarsa. "Alhamdu lillahi ala kulli halin."

Da suka isa ƙofar gida bai fita nan da nan ba. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya ga Caleb, wanda ke hagunsa a kujerar direba. "Ka kyauta," ya ce, ya buɗe ƙofa.

Ya yi makonni bai zo haɗuwa ba. Ranar da ya dawo, a keke Napep ya zo, babu kyamara a wuyansa. Kafin a fara ya ce a sa masa hoton masuncin a talabijin. Ya gaya musu abin da likita ya ce, a taƙaice, ba tare da neman tausayi ba. Sannan ya juya kansa ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ga babur ɗin ga ranar?"

Ba wanda ya ɗaga kai.

"Saifullahi, kai kaf fara magana."

"Na gani, Malam. Na ɗauka da gangan kuka bar shi."

"Ko da gangan na, mummuna na. Da Jamilatu ta kawo shi da kun hwaɗa mata tun bai gama fitowa ba. Don ni na, kunka yi shiru, har kunka samo mashi suna." Ya numfasa. "Ban ce laifinku na ku kaɗai ba. Ni na saba maku da tsoron bakina. Amma da mutum guda ya ce, Malam ga babur, da tun ranar na san da abin da ke kaina."

Saifullah ya ce Allah ya ba shi haƙuri. Dattijon ya ɗaga masa hannu alamar ya wuce, ya juya ga Jamilatu.

"Ɗiyata, sa mani hoton telan nan. Na asali. Ina son in ga tsohon."

Jamilatu ta sunkuyar da kai.

"Baba, babu shi. Da na koma gida na yanke yadda kunka ce, sai na adana a kan na asalin, ban san ya kamata in ware ba. Katin kyamarar kuma na goge shi da za a yi sunan ɗiyar yayata."

Ta sa wanda ya rage. Mu'az ne ya cika talabijin ɗin, shi da kekensa. Hoto ne mai kyau, irin wanda kowa zai iya ɗauka a kowane shagon tela. A can ƙasan kusurwar hagu an ga bakin tabarma da kan yatsu biyu. Malam Tambari ya juya kai ya daɗe yana kallon kusurwar.

"Tsohon yana nan da rai?"

"Ranar dai na bar shi lafiya."

"To mu tai gobe. Ki sake ɗauka."

Washegari da hantsi, bayan Caleb ya taso daga coci, ya ɗauko su biyun a motarsa. Suka bar motar a bakin titi suka shiga lungun da ƙafa, Caleb yana tafiya ta hagun dattijon saboda masu babur. Sun sami Mu'az a kan kekensa. Tabarmar tana nan a naɗe, an jingine ta da bango.

Telan ya gane Jamilatu, ya tashi ya gaishe su. Da ta tambayi mahaifinsa sai ya ce ai Baba ya kwanta, ƙafafun sun ƙi, an daina fito da shi shago. Sannan fuskarsa ta ɗan saki.

"Hajiya, ko hoton kika kawo muna? Kullum sai ya tambaya. Bai da wani hoto sai na katin zaɓe."

Jamilatu ta fito da waya ta nuna masa wanda ya rage. Mu'az ya duba, ya sake dubawa.

"Ina Baban?"

"Ni na sa ta cire shi," in ji Malam Tambari. "Ita ta ɗauka daidai. Ni na ban gani ba."

Mu'az bai fahimci yadda za a yi mutum ya kasa ganin mahaifinsa a hoto ba, amma ya ga furfurar mai maganar, bai ja ba. Ya ce su shigo su gaishe shi, gidan yana bayan shagon.

Tsohon yana kwance a wani ɗaki mai ƙaramar taga, ya rame fiye da yadda Jamilatu ta san shi. Malam Tambari ya zauna a bakin katifa suka gaisa, suka taɓa hirar mutanen da, wa ya rasu, gidan wa aka rushe aka yi shaguna. Ashe tsohon ya taɓa ɗinka wa mahaifin Malam Tambari riguna. Da aka gaya masa yarinyar nan mai hoto ce ta dawo, sai ya ce ba za a ɗauke shi a kwance ba. Ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Mu'az da Caleb suka tallafe shi suka jingina shi da bango, aka sa matashi a bayansa. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, shiru, ba sa motsi, ya dubi kyamara kai tsaye ya ɗaure fuska yadda mutanen zamaninsa ke yi.

Jamilatu ta durƙusa ta buɗe tagar sosai. Ta sa shi a tsakiya, ta ɗauka sau da yawa don kada a samu matsala. Ta san ba hoton da ta rasa ba ne, ba kuma za ta sake samun wancan ba.

A waje ta miƙa wa Malam Tambari kyamarar. Ya kare hasken rana da tafin hannu, ya bi ɗan gilashin bayan kyamarar da kallo daga wannan gefe zuwa wancan yana juya kai a hankali.

"A wanke shi babba," ya ce. "A sa mashi katako da gilashi. Kada a daɗe."

Kafin mako ya zagayo Jamilatu ta kai musu. Tsohon ya sa aka rataye shi inda zai riƙa gani daga kwance. Ya rasu da damina ta yi nisa, su ukun suka je gaisuwa, daga baya Mu'az ya mayar da hoton shago ya rataye a saman kekensa.

Malam Tambari ya sayar da motar. Ya koma ɗaukar hoto a hankali, yana kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya danna. Ganin hagun bai dawo ba. Wasu ranakun magani kan sa shi kasala ya kasa zuwa Arkilla, sai Caleb ya biya ta Ƙofar Taramniya bayan an tashi, ya zauna da shi a zaure ya nuna masa abin da aka kawo a makon.